Bitar Kemistiri kafin WAEC: inda hadda ke tsayawa

Da zarar hunturu ya ja jiki zafi ya kunno kai, 'yan aji shida na sakandare sukan canza kama. Yaron da a da sai an kora shi aji, yanzu shi ne a gindin darbejiya da littafi a cinya yana gyaɗa kai. JAMB na tafe, WAEC na biye da ita a watannin Mayu da Yuni, NECO kuma na jiran gado. A cikin darussan da ɗalibin kimiyya zai zauna wa, ban ga wanda ake shiga bitarsa da gurguwar dabara kamar Kemistiri ba.

Wata shekara wani ɗalibina, yaro mai ƙoƙari ƙwarai, ya tsaya gabana ya karanto dokar Boyle (wadda ta ce in zafi bai canza ba, girman iskar gas na raguwa gwargwadon yadda matsinta ya ƙaru) da ka, da Turancinta, ko waƙafi bai tsallake ba. Na ce madalla. Na ɗauki alli na rubuta masa: ga iskar gas mai girman 200 cm³ a matsin 760 mmHg, an ninka matsin ya koma 1520, zafi bai canza ba, girmanta zai koma nawa? Ya dubi allo, ya dube ni, ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Malam, ai ba ka ba mu wannan ba." Amsar 100 ce, kuma tana kwance a cikin jimlar da ya gama rerawa. Ya haddace dokar, bai taɓa sa ta aiki ba.

Ba na cikin masu kushe hadda. Mutanen da suka tashi da allo da tawada sun san darajarta, kuma akwai abubuwa a Kemistiri da babu makawa sai an haddace su: alamomin sinadarai 20 na farko a ƙalla, launin da kowace laka ke fitowa da shi a gwaji, jerin ƙarafa bisa zafin namansu. Amma duka-duka wannan bai kai rubu'in darasin ba. Sauran aiki ne, kuma jarrabawar ma an gina ta ne don ta gane wanda ya iya aikin. WAEC takarda uku take bayarwa: ta zaɓin amsa mai tambaya 50 a awa ɗaya, ta rubutu mai awa biyu, sai ta gwaji a ɗakin gwaje-gwaje, wadda yara ke kira firaktikal. A JAMB kuwa Kemistiri tambaya 40 ce daga cikin 180 da za a amsa a minti 120, wato kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. Wanda sai ya karanto babi daga farko kafin ya kai ga layin da yake nema, lokaci zai ƙare masa yana tsakiyar hanya.

Manhajar tana da tsawo, shekara uku ake yi ana bin ta, shi ya sa yaro ke ganin kamar tulin tsummoki ne da babu abin da ya haɗa wannan da wancan. Alhali 'yan jijiyoyi kaɗan ne ke riƙe da ita. Babbar cikinsu, wadda in ta tsinke komai ya zube, ita ce mol.

Mol adadi ne kawai. Mai sayar da ƙwai ba ya ce maka talatin, kiret yake cewa. Kiret ɗin ƙwan zabi da na ƙwan gidan gona duk 30 ne, amma ɗora su a sikeli ka ga bambanci. Haka mol: ƙwayoyi 6.02 × 10²³ ne na ko mene ne, sai dai mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, na sodar sabulu, wato NaOH, giram 40. Masu kimiyya sun koma ga wannan kiret ɗin ne saboda sinadarai da ƙidaya suke haɗuwa, ɗaya da ɗaya ko ɗaya da biyu, mu kuma ba mu da idon ƙirga ƙwayar zarra, sikeli muke da shi. Mol shi ne tafinta tsakanin sikeli da ƙidaya.

Dubi yadda abu ɗaya ke sauya riga. A Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe ana gasa dutsen farar ƙasa don yin siminti. Dutsen CaCO₃ ne, mol ɗinsa giram 100. In ya sha wuta sai ya bar giram 56 na CaO, giram 44 na CO₂ ya tashi sama. Mai tambaya zai ce an gasa giram 25, iskar da ta fita girmanta nawa a ma'aunin zafi da matsi na ƙa'ida? Giram 25 rubu'in mol ne, mol ɗaya na kowace iskar gas 22.4 dm³ yake ci, rubu'insa 5.6. An gama. A wani shafin kuma zai ce an saki wutar lantarki amfiya 2 na daƙiƙa 965 ta cikin ruwan gishirin jan ƙarfe, nawa zai manne a jikin sandar? Yaro ya ɗauka sabon babi ne mai sabuwar dabara. Ba haka ba ne: 2 sau 965 ya ba da kulom 1930, a raba da 96,500, wato kulom ɗin da mol ɗaya na ilektiron ke ɗauke da shi, a samu mol 0.02 na ilektiron, kowace ƙwayar jan ƙarfe biyu take buƙata, saboda haka mol 0.01 ne, kimanin giram 0.64. Hanyar ɗaya ce: mai da abin da aka ba ka mol, duba rabon da daidaitaccen lissafin haɗuwar ya nuna, sannan ka mai da amsar zuwa ma'aunin da aka nema.

Ni kan aiki ɗalibaina su karanto mini abin da ke rubuce a jikin buhun takin yuriya na gidansu. Sukan dawo su ce an rubuta 46. To daga ina 46 ta fito? Yuriya CO(NH₂)₂ ce, nauyin mol ɗinta 60, naitirojin da ke ciki 28. Raba 28 da 60 ka sami kashi 46 da 'yan kai cikin ɗari. Ke nan buhu mai kilo 50 abin da masara ke nema a cikinsa kilo 23 ne. Yaron da ya fito da wannan lambar da hannunsa ba ya sake tambayar amfanin lissafin kaso. Shawarata a nan ba ta da sassauci: wanda mol bai zauna masa ba, ya ajiye komai ya ba shi mako biyu cur, ko da abokansa sun yi masa nisa a shafuka. Gini a kan rairayi ne ya wuce gaba.

Jadawalin sinadarai, wanda Barashe Dmitri Mendeleev ya tsara a 1869 kuma yau yake ɗauke da sinadari 118, shi ma ana zaluntarsa. Ana rera shi kamar waƙar makaranta, alhali taswira ce. Sodiyam ilektiron ɗinsa 2, 8, 1. Kulorin 2, 8, 7. Ɗaya na da guda da ya yi masa yawa, ɗaya na neman guda ya cike takwas, ciniki ya faɗa, gishirin miya ya samu. Maganiziyam biyu zai zubar, don haka kulorin biyu yake nema, shi ya sa ake rubuta MgCl₂. Wanda ya gane wannan ba ya haddace ɗaruruwan alamomin mahaɗai, fito da su yake yi. Har dogayen sunayen nan da WAEC ke amfani da su, masu firgita yara, bayani ne a dunƙule. Ruwan batir H₂SO₄ ana kiransa tetira-okso-salfet da lambar VI a ƙarshe: tetira huɗu, okso oksijin, VI kuma lambar da farar wuta ke ɗauke da ita a mahaɗin, don 2 na haidirojin da 6 su ne ke kashe 8 na oksijin. Sunan da kansa ya faɗi yadda za a rubuta shi.

Akwai wata matsala da littattafan da ake shigo mana da su ba su san da ita ba, don marubutansu ba da Hausa suke tunani ba. Mu kalma ɗaya muke da ita a wurare da dama inda jarrabawa ke neman biyu. Ƙanƙara ta narke, sukari ya narke a shayi: a bakinmu duk narkewa ce. A Kemistiri abu biyu ne mabambanta, na farko zafi ne ya mai da daskararre ruwa, na biyu wani abu ne ya baje a cikin wani, kuma Turanci ya ba kowanne kalmarsa. Ɗalibi ya fahimci abin da ya faru sarai, ya ɗauko kalmar da ba ita ba, maki ya tafi. Haka fari: muna cewa farin ruwa, muna cewa farar madara. A takardar gwaji, ruwan da ba shi da launi daban, farin abu daban, kuma na sha ganin yaro ya rubuta fari a inda ake son marar launi. Ƙarfe a wurinmu shi ne na maƙera kuma shi ne dukkan dangin, har da dalma da kuza da alminiyam. Iska ita ce wadda muke shaƙa, ita ce ta tukunyar gas. Gishiri muka sani na miya, a darasi kuwa alli ma gishiri ne, alam ɗin da ake tace ruwa da shi ma gishiri ne. Mafi cutarwa ita ce ƙarfi. In an ce asid mai ƙarfi, yaro na jin mai kauri ne wanda ba a sirka ba. Alhali ƙarfi a nan na nufin asid ɗin yana rabuwa gaba ɗaya a cikin ruwa. Ruwan batir ko an sirka shi sau ɗari sunansa mai ƙarfi, asid ɗin lemon tsami kuwa komai kaurinsa rarrauna ne.

Ban ce a daina bayani da Hausa ba. Ni ma da ita nake yi, kuma da ita abu ya fi shiga. Abin da nake cewa shi ne a ware shafi guda a bayan littafi don irin waɗannan tagwayen kalmomi, a rubuta kowace da jimlar da ake amfani da ita. Shafi ne da babu mai sayar maka da shi a kasuwa.

Sai maganar gwaji, inda talaucin makarantunmu ke fitowa fili. Na taɓa koyarwa a inda ɗakin gwaje-gwaje ke kulle shekara guda, sai ana saura mako biyu a buɗe shi, a kakkaɓe ƙura, a ɗauraye biyuret, wato dogayen bututun gilashi masu ma'auni da ake ɗiga ruwa da su, waɗanda rabinsu ke yoyo. Wata yarinya a ranar da ta fara riƙe fifet, bututun gilashin da ake zuƙo ruwa da shi don a auna, hannunta rawa yake yi, ta zuƙo ruwan har ya kusa shiga bakinta, ta saki ta ce, "Malam, wallahi tsoro nake ji." Wannan yarinyar ta fi kowa iya lissafin a takarda. Laifin ba nata ba ne, amma makin nata ne zai tafi.

Abin da ɗalibi zai iya yi wa kansa ya fi yadda ake zato. A jiƙa zoɓorodo a raba shi kofi uku. A matsa lemon tsami a ɗaya, ja zai ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, sai ya juye ya yi duhu ya karkata zuwa kore. A bar na uku don kwatance. Sannan a ɗauko wanda aka sa wa kanwa a riƙa ɗiga masa lemon tsami ɗigo-ɗigo ana juyawa, har jan ya dawo. Wannan ɗigon na ƙarshe da ya juya launi shi ne dukkan sirrin taitireshan, gwajin da ake auna yawan asid ɗin da zai kashe kishiyarsa. Abin da biyuret ya ƙara kawai shi ne gaya maka adadin da ka ɗiga. Iyayenmu mata da ke sa kanwa a miya don ta kashe tsamin yakuwa sun riga mu sanin haɗuwar asid da kishiyarsa, suna ne ba su sa mata ba.

Sauran makin gwaji na ladabin rubutu ne, kuma shi ma ana iya koyonsa a tsakar gida. Karatun biyuret da lamba biyu bayan ɗigo ake rubuta shi, 24.50 ba 24.5 ba. A jera shi a tebur da ma'auninsa, da biro ba fensir ba, ba kuma kankare-kankare. Matsakaici daga karatun da suka yi kusa da juna ake fitar da shi. A ɓangaren gano sinadari kuma, abin da ido ya gani gefe guda, hukuncin da aka yanke gefe guda, kada a cakuɗa. In an ɗiga NaOH aka ga laka kore, Fe²⁺ ne; ja mai ruwan ƙasa, Fe³⁺; shuɗiya, Cu²⁺. Fara ce ke da rikici, domin zinki da dalma da alminiyam duk fara suke bayarwa kuma duk tana narkewa in an ƙara sodar da yawa. Ruwan amoniya ke fitar da zinki daga cikinsu, don tasa ce kaɗai ke narkewa idan an yawaita shi. WAEC kan fitar da rahoton manyan masu duba takardu bayan jarrabawa, kuma ƙorafin kusan iri ɗaya ne kullum: an manta ma'auni, ba a daidaita lissafin haɗuwa ba, ba a karanta umarni ba. Kaɗan ne daga malamai ke buɗe rahoton, balle ɗalibai.

Babin musayar ilektiron, wanda yara ke gudu kamar kura, yana nan a marinar Ƙofar Mata a Kano. Shuni ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai kama zane ba. Marina kan haɗa baba da toka da ruwa a karofi su bar shi kwanaki ya ruɓa. A nan shunin ke karɓar ilektiron ya koma wani siffa mai narkewa. In an tsoma zane aka ɗago, da kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka, don oksijin ya karɓe abin da aka ba shi. Karɓa da bayarwa, shi ke nan. Tsatsar da ke cin kwanon rufi bayan zinkin da aka shafa masa ya ƙare, batirin mota, ciro ƙarfe daga tama, duk labarin nan ne. A tambayi wa ya bayar, wa ya karɓa, guda nawa.

Daidaiton haɗuwa mai kai da komowa ba ya buƙatar dogon zama. Ƙa'idar Le Chatelier ta 1884 cewa ta yi in ka takura wa tsarin zai karkata inda zai rage takurar. A haɗa amoniya ta hanyar Haber, wadda daga gare ta masana'antun Eleme da Lekki ke yin yuriya, mol huɗu na gas ne ke komawa biyu, don haka ƙarin matsi na ƙara amfani. Haɗuwar na fitar da zafi, don haka zafi mai yawa na rage shi, sai aka tsaya wajen digiri 450 don kada aikin ya yi nawa. Tarkon da ake yawan ɗanawa ɗaya ne: garin ƙarfen da ake sawa yana gaggauta isa ne kawai, ba ya ƙara yawan abin da za a samu.

Sinadaran kabon su ne marayun manhaja. A ƙarshe suke zuwa, lokacin da malami ke tsere da kalanda, sai a yi musu shafar mai, alhali ba a taɓa rasa su a takarda ba. Dangi-dangi ake kama su, kamar yadda ake gane mutum da gidansu. Gas ɗin girki, furofen da biyuten, 'yan gidan alken (alkane a Turance) ne masu ɗauri ɗaya-ɗaya, ba su da rigima sai dai su ci wuta. Iskar da mai walda ke samu in ya zuba wa kabayid ruwa, C₂H₂, ɗauri uku gare ta, shi ya sa take kashe launin ruwan buromin, su kuwa na tukunyar girki ba sa yi. Matar da ke dafa man ja da soda ta fitar da sabulu babi guda take aikatawa. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an gina ta ne kan abu ɗaya, cewa fetur da kananzir da man dizal kowanne da zafin da yake tafasa. Ga kowane gida a san ƙa'idar lambarsa, alamar da ke bambanta shi, gwajin da ke tona shi, da abin da yake komawa. Takarda ɗaya ta isa ta ɗauke su duka in an zana ta kamar bishiyar zuriya.

Game da yadda za a yi bitar kanta, tsangaya ta riga kowa. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya ba tare da kallo ba, kuma karatun da ya wuce ba a barinsa, tilawa ake yi masa dare da asuba. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna a 1885 yadda mantuwa ke cin sabon karatu da sauri a kwanakin farko, da yadda maimaici a rarrabe ke rage mata ƙarfi. Alarammomi ba su jira shi ba. Abin da ɗalibin Kemistiri zai ara shi ne rufe littafi. Karanta shafi sau biyar yana sa ka ji kamar ka iya, don idonka ya saba da shi. Rufe shi, ɗauki farar takarda, rubuto abin daga ka, warware tambaya uku a kai, sannan ka buɗe ka ga ɓarnar da ka yi. Bayan kwana uku ka koma masa, bayan mako ka sake.

Littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a bakin makaranta suna da amfani, amma yadda ake cin su ne matsala. Yaro ya karanta tambaya, ya leƙa amsa a baya, ya ce haka ne, ya wuce. Wasu amsoshin ma kuskure ne, na sha kama su. A zauna da agogo, tambaya 40 a ƙasa da rabin awa, ba leƙe. Duk wadda aka faɗi a rubuta ta a wani ƙaramin littafi tare da dalilin faɗuwar: ban san abin ba ne, ko lissafi ya kuɓuce, ko kalmar Turanci ce ta ruɗe ni, ko gaggawa. Bayan mako uku littafin zai nuna cewa kurakuran ba ɗari ba ne, huɗu ne ko biyar ke ta dawowa da sababbin kaya.

Masu jiran amsar sata a waya daren jarrabawa ba zan ɓata musu tawada da yawa ba. C6 ɗin da aka saya tana iya kai mutum ƙofar jami'a ko makarantar koyon jinya, amma a zangon farko mol ɗin nan dai zai tarar yana jiransa, a aji mai ɗaruruwan mutane inda babu mai lokacin koma masa baya.

Yaron nan na dokar Boyle, abin da na yi masa shi ne na aike shi kemis ya sayo sirinji marar allura. Na ce ya ja shi zuwa lamba 10, ya toshe bakin da yatsa, ya danna. Ya danna har wajen 5, ya ce yana turo shi baya da ƙarfi. Na ce to rubuta abin da ya faru da girman iskar da abin da ya faru da matsinta, da Hausa tukuna, sannan da Turanci, sannan da lambobi. Da ya gama na ƙara masa tambaya goma, ya ci takwas. Biyun da ya faɗi, ya manta bai mai da digiri zuwa ma'aunin Kelbin ba ta hanyar ƙara 273, muka sa shi a ƙaramin littafinsa.